Yadda A Ke Raya Zuciyar Yaro

Jama'a, akwai wata magana da mu malaman ajin manya mu ke ji kusan ko wace shekara. In an buɗe sabon aji, an raba littafi da fensir, sai ka ga wani magidanci ya koma can baya ya zauna. In an ce ya taso ya rubuta baƙi ɗaya a allo, sai ya ce, "Malam, ka bar ni. Ni kaina ba ya ɗaukar karatu."

Na taɓa samun irin wannan a wani aji a ƙasar Kademi. Mutumin ya ba arba'in baya. Yana noma, yana kuma sayen awaki ya kai kasuwar Wudil. In ka ba shi lissafin awaki goma sha biyu, ko wace da kuɗinta, ga la'ada, ga kuɗin mota, kafin ka ɗauko takarda ya gama da ka. Amma da na miƙa masa alli sai hannunsa ya kama rawa.

Bayan an tashi na ja shi gefe, na ce, "Malam, wa ya gaya maka kanka ba ya ɗaukar karatu?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Tun ina yaro haka a ke faɗa a gida. Daƙiƙi a ke kirana."

Na ce, "To, yaronka da ka sa a firamare fa, yaya ya ke yi?"

Ya ce, "Wannan? Ai ni ya gado. Shi ma daƙiƙi ne."

Ka ji fa. Waɗanda suka kira shi da sunan nan sun daɗe da mantawa, waɗansunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Amma maganar tana nan, ta bi shi shekara talatin da ɗoriya. Ga shi kuma ya sauke ta a kan ɗansa, ba da mugunta ba, don dai shi haka ya taso ya ji. Abin da ya sa na rubuta wannan bayani ke nan.

A bakin manya yaro ya ke jin labarin kansa

Yaro ɗan shekara uku, ko biyar, ko bakwai, bai san kansa ba. Bai san ko yana da basira ko ba shi da ita ba. Bai san ko shi abin so ne ko abin ƙi ba. In uwa ta ce masa rago sau ɗari, ba zai ce ƙarya ta ke yi ba, domin a wurinsa uwa ba ta ƙarya. Sai ya karɓa ya ajiye, ya shiga yin abin da aka san rago da shi.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. Kowa yana tsoron bakin uwa. Amma mun ɗauka sai ta fusata ta ɗaga murya ta yi baki, sa'an nan ya ke kamawa. Ba mu lura da ƙananan maganganun tsakar gida ba: sakarai, shashasha, ba ka da amfani, ke ba a taɓa aikenki kin dawo daidai ba. Waɗannan su ne masu kamawa, don kullum a ke yinsu, kamar ruwan indararo da ke cin gindin bango kaɗan kaɗan.

Yaron da aka yi wa haka mu kan ce zuciyarsa ta mutu, alamarsa kuwa ba ta ɓuya. Ba ya tambaya. Ba ya ɗaga hannu a aji ko ya san amsa. In an ba shi sabon aiki, kafin ya taɓa ya ce bai iya ba. In ya yi ɓarna sai ya ɓoye, ko ya yi ƙarya. Wani kuma sai ya juya ya huce a kan ƙannensa.

Wanda zuciyarsa ke raye shi ma yana kuskure, yana faɗuwa, yana kuka. Sai dai in ya faɗi yau, yana sa rai gobe zai iya. Wannan shi ne yarda da kai, shi ne kuma kyautata zato. Ba a haihuwar yaro da su a shirye. Koya masa a ke yi, kamar yadda a ke koya masa gaisuwa.

Na san abin da dattawa za su ce. Za su ce, "Malam, in ka yabi yaro a gabansa ai ka lalata shi. Kansa zai kumbura, ya raina na gaba." Maganarsu da gaskiya a ciki, kada mu yar da ita. Amma yarda da kai dabam, girman kai dabam. Mai girman kai gani ya ke ya fi kowa. Mai yarda da kai kuwa bai damu da fin kowa ba. Ya dai san shi ma mutum ne, yana da amfani, in ya dage zai iya.

A shekarar 2015 waɗansu masana na ƙasar Holan, da wani mai suna Eddie Brummelman a kan gaba, suka bayyana abin da suka gano a kan wannan. Sun bi yara 565 masu shekara 7 zuwa 12 tare da iyayensu, suna komawa wurinsu lokaci lokaci da tambayoyi. Yaran da iyayensu ke ganin sun fi sauran yara, sun cancanci abin da waɗansu ba su cancanta ba, su ne suka fi tasowa da ji da kai. Yaran da iyayensu ke nuna musu ƙauna da jin daɗin zama da su, su ne suka fi tasowa da yarda da kai. Ashe ƙofa biyu ce. Dattawanmu ta farko su ke tsoro, sai aka toshe duka biyun.

Sa'an nan ga kunya. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane. Ka yabi ɗanka da bakinka abin kunya ne, ga kuma tsoron bakin mutane. Ni ban ce a yar da kunya ba. Amma ku tuna, a babban gida abin da iyaye suka hana don kunya kakanni su ke biya. Kaka ita ke wasa da jika, ta ce mijinta ne, ko ta ce kishiyarta ce, ta yi masa kirari, ta ɓoye masa ɗan abin taɓawa, da dare ta yi masa tatsuniya. Goggo ma haka, kawu ma haka. Yanzu gidaje da yawa sun rarrabu. Saurayi ya yi aure ya ware, wani ya kwashi iyalinsa ya koma birnin Kano. In kunya ta bi su, kaka kuwa ta zauna a ƙauye, wa zai gaya wa yaron nan shi abin so ne?

Alhali kuwa harshenmu yana da hanyar da ba ta karya kunya, watau sa albarka. "Allah ya yi maka albarka." "Sannu da aiki." "Madalla." Babu uban da zai ji nauyin faɗin waɗannan. Ba su ce wa yaro ya fi kowa ba. Sun dai gaya masa an ga aikinsa, an kuma yarda da shi.

Malamai sun karantar da mu cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro. Ya ba da labari cewa ko sau ɗaya bai taɓa nuna masa ƙosawa ba, bai kuma taɓa tsare shi da faɗa a kan abin da ya yi ko wanda ya bari ba. Shekara goma! Mu kuwa sai mu ƙirga na yini ɗaya. A Suratul Hujurati kuma an hana jifan juna da miyagun sunaye, ba a kuwa ce ban da yara ba.

Gayauna

Amma baki kaɗai ba ya raya zuciya. Abin da ya fi ƙarfafa yaro shi ne ya yi abu da hannunsa, ya ga ya yiwu. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka yi gayauna.

In yaro ya tasa, sai uba ya yankar masa 'yar gona tasa ta kansa. Da safe yana gandu tare da uba da yayye, da yamma ya tafi tasa. Shi ke zaɓen abin da zai shuka, gyaɗa ko wake ko 'yar dawa. In ya yi sakaci ciyawa ta cinye, ba sai an zage shi ba, gonar ita za ta gaya masa. In ya yi noma a kan kari, da kaka sai ya ɗauko abinsa a ka ya shigo gida kowa yana gani. Ya sayar, ya sayi hula ko takalmi da kuɗinsa. Yaron da ya taɓa sa hular guminsa, da wuya ka sa ya yarda shi ba shi da amfani.

Dubi maƙera kuma. Mu mutanen ƙasar Gaya muna da gadon ƙira, domin labarin da aka gada ya ce maƙerin da ya je gindin dutsen Dala neman tama ya zauna, daga Gaya ya tashi, sunansa Kano, zuriyarsa su ne Abagayawa. To, je ka maƙera ka zauna ka ga yadda a ke koyar da yaro. Ba a ba ɗan shekara shida masaba a ce ya ƙera garma. Zuga a ke fara ba shi. In hannunsa ya faɗa, ya san yadda a ke tayar da wuta, sai a bar shi ya miƙo awartaki, ya riƙe ƙarfe. Can gaba a ba shi ɗan guntu ya bubbuga, ya fid da ƙusa ko 'yar wuƙa. Ko wane aiki daidai ƙarfinsa ne, da ɗan ƙari. In ya yi masa sauƙi ƙwarai ba zai ƙaru ba. In ya fi ƙarfinsa zai karaya.

Yanzu gonaki sun tsuke saboda rabon gado, yara kuma suna makaranta da safe. Duk da haka ba a rasa abin ba yaro. Kunya uku a gefen gona ta isa, kunyar gona na ke nufi, ba waccan ba. Kaza ɗaya ta isa. Ɗan shekara uku yana iya kai wa ubansa buta, ya watsa wa kaji tsaba. 'Yar shekara biyar tana iya tsince wake, ta wanke ƙananan kwanoni, ta shayar da barkonon bayan ɗaki. Sharaɗin ɗaya ne: in ka ba shi, ka bar masa. Kada ya fara ka fizge ka ce, "Kawo nan, ba ka iya ba." Zai daɗe, zai ɓata, ka yi haƙuri. In kazar ta ƙyanƙyashe kuma, kada a kama ɗanta a yanka wa baƙo ba a tambayi mai ita ba. In an yi haka an koya masa cewa guminsa ba nasa ba ne.

Kada kuma a juya mini magana. Ban ce a ɗora wa yarinya tire tun safe har dare ta rasa makaranta ba. Wannan kaya ne aka ɗora mata, ba gayauna ba.

Me za a yaba?

Ga wani wuri da iyaye da malamai ke tuntuɓe. Yaro ya ci jarrabawa, sai a ce, "Kai, yaron nan akwai ƙwaƙwalwa!" Da kyakkyawar niyya aka faɗa, amma akwai wadda ta fi ta.

A shekarar 1998 waɗansu masu bincike biyu na Jami'ar Kolombiya a birnin New York, ƙasar Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka buga labarin gwajin da suka yi da 'yan firamare masu kamar shekara goma. An ba ko wane yaro tambayoyi na wasa ƙwaƙwalwa masu ɗan sauƙi, aka ce masa ya ci da kyau. Waɗansu aka ƙara musu da cewa lalle suna da basira, waɗansu kuma aka ce lalle sun yi ƙoƙari. Bambancin ke nan. Daga nan aka ba su tambayoyi masu wuya, aka ce musu wannan karon ba su yi da kyau ba. Sa'an nan aka koma irin na farko. Waɗanda aka yaba da ƙoƙari suka fi yadda suka yi da fari. Waɗanda aka yaba da basira suka koma baya. Da aka ce su gaya wa waɗansu yara makin da suka ci, kusan 4 cikin 10 na 'yan basira suka ƙara a kan abin da suka samu. A cikin 'yan ƙoƙari, masu yin haka ba su kai 2 cikin 10 ba.

Daga baya an sake irin wannan gwaji a waɗansu ƙasashe, ba ko ina aka sami bambanci mai girma haka ba. Amma ni dalilin ya kwanta mini, don na ga irinsa a aji. Basira ba a hannun yaro ta ke ba. In ka ce da ita ya ci, ran da ya faɗi sai ya ce ashe ba shi da ita, ya shiga gudun abu mai wuya don kada asirinsa ya tonu. Ƙoƙari kuwa a hannunsa ya ke. In ya faɗi ya san abin da zai ƙara.

Saboda haka ka faɗi ainihin abin da ya yi. "Na ga ka zauna kana ta biya allon nan har ya zauna." "Na ga kin kai ruwan nan ba ki zubar ba." Kada kuma ka yi masa ƙarya, yara suna ganewa. In rubutunsa kamar tonon kaza ne, kada ka ce ya yi kyau. Nemi baƙi ɗaya da ya tsaya daidai ka nuna masa, ka ce ya yi maka sauran kamarsa. Ko kai karatunka bai nuna ba tukuna, ce masa ya buɗe littafinsa ya karanta maka, ka kasa kunne. Uba ya ajiye rediyo don ya saurari ɗansa, wannan kansa yabo ne.

In ya yi laifi fa? A gyara masa, lalle. Yaron da ba a kwaɓa ba a yi masa gata ba. Amma a raba shi da laifinsa. Yaro ya ɓarar da fura. Wani ya ce, "Ka ɓarar da fura. Ɗauko tsumma ka goge, gobe ka riƙe da hannu biyu." Wani ya ce, "Kai dai ba ka da hankali." Na farko ya nuna masa abin da zai yi yanzu da abin da zai yi gobe. Na biyu bai bar masa kome ba, don wanda ba shi da hankali ina zai samo shi? In faɗan mai zafi ne, a ja shi ɗaki, kada a yi a gaban abokansa. Kada kuma a auna shi da ɗan'uwansa, balle ɗan uba. "Dubi wane" ba ta taɓa ƙara wa yaro ƙoƙari ba, gaba ta ke shukawa, mun kuwa san inda irin wannan gaba ta kan kai ran rabon gado.

Akwai kalma ɗaya da na ke so ko wane gida ya riƙe, ita ce tukuna. In yaro ya ce, "Ban iya ba," ka ce, "Ba ka iya ba tukuna." Ka tuna masa da abin da bara bai iya ba, bana ya iya. Kyautata zato ba rufe ido ba ne. In kazarsa ta mutu kada ka ce ba kome, a wurinsa kome ne. Bari ya yi kukansa, ka jajanta masa, sa'an nan ku yi shawarar yadda za a tsare ta gaba. Ai haka manomi ke yi in ruwa ya ɗauke shuka ta ƙone. Ya kan yi baƙin ciki, ya kuma nemi iri ya sake shukawa. Yara suna kallon yadda mu ke yi a irin wannan rana, suna kwaikwayo.

A kula ƙwarai da waɗanda aka fi tsangwama: maraya, da agola, da ɗan riƙo, da mai in'ina, da mai wata naƙasa. Kada a mai da naƙasar yaro sunansa. Mai fitsarin kwance kuma, a bar tara masa yara suna yi masa waƙa. Ba da gangan ya ke yi ba. Likitoci sun ce yawancin yara su kan bari da kansu in sun ƙara girma, in kuwa abin ya daɗe asibiti a ke kai shi. 'Ya'ya mata kuma a bar ce musu, "Ke mace ce, ina ke ina wannan?" Rabin matan da ke ajinmu da wannan magana aka rufe musu baki.

Wani zai ce jariri da ɗan yaye ai ba su san kome ba, sai sun girma. A'a, tun daga goyo a ke farawa. A shekarar 1986 zuwa 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 na talakawa, masu wata 9 zuwa 24, waɗanda suka tsumbure. Waɗansu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya gida sau ɗaya a mako har shekara biyu. Aikinta ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa da hannu, ta yi masa magana, ta yabe shi in ya yi daidai. Bayan kamar shekara 20 aka sake neman yaran. A rahoton da aka buga a 2014, waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗi fiye da waɗanda ba a yi wa ba da kamar kashi 25 cikin 100. Abin da aka koya wa iyayen nan babu wanda ya fi ƙarfin matar Kademi. Gwangwani da murfi da 'yar tsanar kara suna ko wane gida. Uwa tana tankaɗe tana iya gaya wa na kusa da ita sunan rariya da ƙwarya, in ya maimaita ta ce madalla.

Mutumin nan mai awaki ya daɗe kafin ya yarda ya koma gaban allo. Da abin da ya riga ya iya na fara masa. Shi ya faɗi kuɗin akuya, ni in rubuta, shi ya kwafa. Lambobi ya fara iyawa, sa'an nan sunansa. Har yanzu karatunsa a hankali ne, da yatsa ya ke bi.

Maganar yaronsa ban sake tayar masa da ita ba. Amma da damina ta zauna na bi ta gefen gonarsa, na ga kunya huɗu an ware an shuka gyaɗa, layin duk a karkace. Na tsaya muka gaisa, na tambaye shi.

Ya ce, "Ta yaron ce, Malam. Shi ya shuka. Har na ɗauki fartanya zan gyara masa, na ce bari dai mu gani."